Fitilar LED don furanni a cikin ɗaki: amsoshin tambayoyinku

Wasiƙun da suka taru mana a wannan karon kusan duk a kan abu ɗaya suke, wato fitilar da za a rataya wa shuke-shuke masu fure a ɗakin da rana ba ta shiga sosai. Mun taƙaita tambayoyin, ga amsoshinsu.

Wata 'yar'uwa daga Manchester a Ingila ta rubuto: "Ina da tukwanen fure biyar a kan teburi a kusurwar falo, wardi ƙanana biyu da jeraniyom uku. Da sanyi ya shigo suka daina fure, suka miƙe sirara. Na duba intanet na ga fitilu masu wat 600, da 1000, har da 2000, kuma kuɗinsu bai bambanta sosai ba. Wacce zan saya?"

Malama, fara da cire idonki daga waccan babbar lambar da aka buga a jikin kwali. Yawancin fitilun da aka rubuta wa "1000W" ba sa jan wutar da ta wuce wat 100 zuwa 150 daga soket. Lambar suna ce kawai ta talla, ko kuma jimlar abin da ƙwayoyin fitilar za su iya ɗauka da a ce za a matsa musu har su ƙone. Ki gangara ƙasa cikin bayanin kayan ki nemi ainihin wutar da fitilar ke sha. In mai sayarwa bai rubuta ba, ki wuce shi, akwai dalilin da ya sa ya ɓoye.

Abin da ya sami furanninki yunwa ce. Da haske shuka ke haɗa abincinta, kuma fure shi ne abu na ƙarshe da take kashe wa abinci, sai ta ƙoshi ta yi rara tukuna. A Manchester, a ƙarshen Disamba, yini bai wuce kusan awa 7 da rabi ba, rana tana ƙasa-ƙasa, galibi ma bayan gajimare. Idon mutum kuwa yana yaudara a nan, domin yana saba wa duhu nan da nan. Falon da kike ganin ya haskaka tas bai fi laks 300 zuwa 500 ba (laks ma'aunin haske ne yadda ido ke ganinsa), alhali tsakar rana a fili tana kai wa laks 100,000. Shuka ba ta da irin wannan sabon, abin da ya sauka kan ganyenta shi kaɗai take ci.

Masu wannan sana'a da ma'auni biyu suke aiki, kuma in kin riƙe su ba mai sayar miki da fitilar banza. Na farko ana ce masa PPFD: yawan hasken da ke sauka a kan murabba'in mita ɗaya a kowace daƙiƙa, ana ƙirga shi da maikromol. Ranar tsaka a fili tana ba da kusan 2000. Na biyu DLI: jimlar hasken da shukar ta sha daga safe zuwa dare, ana ƙirga shi da mol. Kamar ruwan sama ne, na farko ƙarfin zubarsa, na biyu abin da ya taru a randa. Lissafin haɗa su ba wuya: ki ninka PPFD da yawan awannin da fitila ke kunne, ki sake ninkawa da 0.0036.

Wardi yana son mol 20 ko fiye a yini kafin ya yi fure yadda ya kamata. Jeraniyom da fetuniya suna wadatuwa da 12 zuwa 18. Begoniya ba ta kai su ci ba. Saintpaulia, ɗan ƙaramin furen nan mai ganye mai gashi-gashi wanda asalinsa duwatsun Tanzaniya ne, da okid irin Phalaenopsis da ake sayarwa a manyan kantuna, mol 4 zuwa 8 ya ishe su, domin dama a inuwar daji suka saba. Tumatir da barkono suna sahun wardi, 20 zuwa 30.

To, ga naki lissafin. Tunda akwai wardi, burinki mol 20. In fitila za ta yi awa 14 a kunne, kina buƙatar maikromol kusan 400 a saman ganye, domin 400 sau 14 sau 0.0036 ya ba da 20 da ɗan kai. Tukwane biyar ƙanana za su shiga fili mai santimita 60 tsawo 60 faɗi. Fitila mai kyau tana ba da maikromol 2.5 ko fiye a kan kowane wat da ta sha, to mai wat 100 na gaskiya za ta fitar da 250 a daƙiƙa. Ki cire kashi ɗaya cikin huɗu da ke zubewa gefe ya faɗa bango da ƙasa, abin da ya rage in ya bazu a wannan filin zai kai kusan 500. Ya ishe ki har da ragi. Saboda haka abin da za ki nema shi ne faffaɗan faranti na LED mai farin haske, mai shan wat 100 na gaskiya, mai maɓallin rage haske, wanda aka rubuta ingancinsa 2.5 ko sama da haka. Wardi a tsakiya inda haske ya fi ƙarfi, jeraniyom a gefe.

Wannan lambar ta inganci ita ce ta raba fitila da fitila. Ana rubuta ta da alamar µmol/J. Masu araha sukan tsaya a 1.0 zuwa 1.5, ma'ana za su sha wuta daidai da mai kyau amma su ba da rabin haskenta, sauran ya tafi a zafi. A ƙasar da kuɗin lantarki ke da nauyi kamar Ingila, ɗan abin da kika rage wajen saye za ki mayar da shi a takardar wuta. Araha ba ta ado. Alamomin da ke nuna an yi fitila da gaske su ne: an ambaci sunan ƙwayoyin da aka sa, misali Samsung LM301B ko LM301H, an ambaci akwatin da ke daidaita mata wuta, wanda ake kira direba, irin na Mean Well, bayanta farantin alminiyom ne mai kauri da nauyi a hannu, kuma an nuna taswirar PPFD mai lambobin tsakiya da na kusurwa tare da nisan da aka auna. Ki fi kula da lambobin kusurwa. Kowa yana iya nuna babbar lamba ta tsakiya da aka auna dab da fitila.

In kin kawo ta gida, ɗan mitar nan da ake sokawa a soket kafin a soka fulogi zai nuna miki wat nawa take sha. In an ce 100 kika ga 60, ki mayar.

Wani malami daga Kaduna: "Na ga wasu fitilun haskensu ruwan hoda ne mai shuɗi-shuɗi, an ce su ne na shuka na ainihi. Farar fitila ba ta aiki ne?"

Tana aiki, Malam, kuma ita muke ba ka shawara ka saya. Asalin waccan mai launi shi ne koren sinadarin da ke cikin ganye ya fi shan shuɗin haske, wajen nanomita 450 a ma'aunin da ake bambanta launukan haske da shi, da ja, wajen nanomita 660, sai aka haɗa ƙwayoyi ja da shuɗi kaɗai a ce an bar wanda ba shi da amfani. Amma tun a 1972 gwaje-gwajen Keith McCree suka nuna cewa ganye yana amfani da dukkan hasken da ke tsakanin nanomita 400 da 700, har da kore. Koren ma shi ya fi ratsawa ya kai ga ganyen da ke ƙasa. Ga shi kuma fararen ƙwayoyin LED sun inganta ƙwarai, saboda su ake ƙerawa da yawa don gidaje da tituna.

Akwai kuma dalilin da ya fi wannan kusa da hannu. A ƙarƙashin haske mai ruwan hoda ganye baƙi-baƙi yake fitowa, ba za ka gane ya fara rawaya ba, ba za ka ga farin ƙuda ko jan gizo-gizon nan ƙanana da ke tsotse bayan ganye ba sai sun gama ɓarna. Kuma wanda ya ajiye fure don ya kalla, me ya samu in launin furen ya ɓace?

Cikin fararen, ka duba lambar da ke ƙarewa da K. Mai 3000K haskenta ya karkata ga rawaya, ja ya fi yawa a ciki. Mai 6500K fari ne fat mai shuɗi, yana sa shuka ta taƙaita tsawo ta yi dunƙule. Don fure, tsakanin 3000K da 4000K ya yi. Da yawa daga faranti masu kyau suna cakuɗa 3000K da 5000K su ƙara 'yan ƙwayoyi ja na 660, wannan ma daidai ne. Amma kada wannan ya ɗauke maka hankali. Yawan haske shi ne gaba, launi na biye. Fitila mai rauni ko da launinta ya dace ba za ta sa wardi fure ba.

Wata uwargida daga Abuja: "Na sayi fitila na rataya, bayan kwana huɗu ganyen sama suka yi fari-fari, gefensu ya naɗe. Na ɗaga ta sama sosai, yanzu kuma sabbin rassa sun yi tsawo sun lanƙwashe. Ina ne daidai?"

Hajiya, kin ga iyaka biyun da idonki, saura tsakiya. Na farko haske ne ya yi yawa farat ɗaya. Ganyen da ya tsiro a inuwa siriri ne, bai shirya wa haske mai ƙarfi ba, kuma wanda ya riga ya yi fari ba zai dawo kore ba, sabbin da za su fito ne za su jure. Na biyu kuma shukar ce ke miƙewa neman haske: tazarar da ke tsakanin ganye da ganye ta ƙaru, kara ya yi laushi, launi ya kwashe.

Haske yana raguwa da sauri in an yi nisa. Ga ƙwan fitila guda, in kika ninka nisa biyu, kashi ɗaya cikin huɗu ne zai rage. Ga faffaɗan faranti raguwar ba ta kai haka tsanani ba, amma santimita 15 ma tana canza abu da yawa. Faranti mai wat 100, ki fara da santimita 45 daga saman ganye mafi tsawo, ba daga bakin tukunya ba, ki sa maɓallin a rabi. Duk bayan kwana biyu ko uku ki ƙara kaɗan, cikin kwana 10 ki kai inda kike so. Galibi tsakanin santimita 30 da 40 ake tsayawa. Dogayen fitilu sirara na kanta, masu wat 20, su kuma santimita 20 zuwa 30. Ki rataya da igiya mai ƙugiya wadda ake ja a saki, domin shuka tana girma, dole fitila ta riƙa hawa tare da ita.

Amma maimakon kintace, ki auna. Mitar laks ba ta da tsada, kuma ga farar LED lissafinta mai sauƙi ne: ki raba abin da ta nuna da 70, ki sami kusan PPFD. In ta nuna laks 28,000 a saman ganye, wajen maikromol 400 ke nan. In ta nuna 7,000, wajen 100, wanda ya ishi Saintpaulia da okid amma ba zai motsa wardi ba. Wannan lissafin na farin haske ne kawai, a kan mai ruwan hoda mitar laks ƙarya take yi. Manhajojin waya ma suna aunawa, sai dai waya da waya sun bambanta, ki ɗauke su a matsayin kusan-kusan. Ki auna a tsakiya da kusurwa huɗu. In kusurwa ba ta kai rabin tsakiya ba, ki ɗan ɗaga fitilar ki ƙara mata ƙarfi, ko ki matso da tukwanen.

Farin bango yana dawo da haske mai yawa. Kwali da aka shafa wa farin fenti aka jingina ta gefe biyu ko uku yana ƙara abin da ganye ke samu ba tare da ƙarin wat ko ɗaya ba. Madubi bai fi shi ba, yana ma tara haske wuri ɗaya. Ki riƙa juya kowace tukunya kwata sau ɗaya a mako.

Wani ɗan'uwa daga Kano: "Sola nake amfani da ita, batir ɗaya mai 200Ah da inbata. Ina son in yi ɗan lambun fure a wani ɗaki da ba shi da taga mai kyau. Batir ɗin zai ɗauka?"

Kafin mu shiga lissafi, Malam, tambaya ɗaya: ba ka da baranda, ko tsakar gida, ko saman soro? In akwai, ka kai furannin can ka ajiye kuɗinka. Rana a Kano tana zubo fiye da mol 40 a yini mai haske, ninki biyu na abin da fitilar wat 100 za ta ba ka, kuma kyauta. Matsalarta ma yawa ce, ragar inuwa ko gindin bishiya ke maganinta. Fitila ta wanda ba shi da wannan ce, kamar mai zama a bene tsakanin gine-gine.

In dai ɗakin ne dole, ga yadda abin yake. Wat 100 na awa 14 yunit 1.4 ne a yini, yunit 42 a wata. Batir mai bolt 12 da 200Ah yana riƙe yunit 2.4 a rubuce, amma in na ruwa ne ko na jel, rabi kawai ya kamata ka sha in kana son ya daɗe, wato 1.2. Ka ga ke nan ba zai ɗauki fitilar dare guda ba, balle a haɗa da fanka da firji. Mafita ita ce ka kunna ta da rana, lokacin da farantin sola ke kawo wuta kai tsaye, misali daga 6 na safe zuwa 7 na yamma, batir ya cike 'yan awannin farko da na ƙarshe kawai. Farantin sola mai wat 400 yana ba da yunit ɗaya da rabi ko fiye kaɗan a rana mai haske, ka ware wa fitilar kusan wannan. Da hunturu in ƙura ta rufe sama abin zai ragu, ka riƙa goge farantin. Ko kuma ka zaɓi furannin inuwa: fitilu sirara biyu masu wat 20 a kan kanta mai tsawon santimita 120, awa 12 a yini, ba su kai rabin yunit ba, kuma za su riƙe Saintpaulia da begoniya.

Abu na biyu zafi. Duk wat ɗin da fitila ta sha a ƙarshe zafi yake zama a cikin ɗakin. LED ba ta ƙuna kamar tsohon ƙwai, amma wat 100 a ɗaki rufe a watan Afrilu, lokacin da waje ya kai digiri 40, yana cutar shuka da fitilar baki ɗaya. Ƙwayoyin LED in suna aiki da zafi haskensu yana dusashewa da wuri, direba kuma shi ke fara mutuwa. Ka bar tazarar santimita 15 ko fiye tsakanin bayan fitila da rufi, in direban mai cirewa ne ka ajiye shi waje da wurin shukar, ka sa ƙaramar fanka tana kaɗa ganye a hankali. A bazara ka rage maɓallin zuwa kashi 60 ko 70 cikin ɗari da tsakar rana. Ka riƙa share ƙura daga kan ƙwayoyin da busasshen ƙyalle bayan ka cire fulogi.

Na uku wutar kanta. Ka duba jikin direba, wanda aka rubuta bolt 100 zuwa 240, ko 100 zuwa 277, yana jure hawa da saukar wuta. Wanda aka yi wa kasuwar Amurka kaɗai, mai bolt 110 ko 120, in ka soka shi a wutarmu ta 230 zai ƙone nan take, kuma irin wannan yana shigowa cikin kayan gwanjo. In kana haɗawa da wutar gari ko janareta, ka sa abin kariya daga hawan wuta farat ɗaya a soket ɗin. Na'urar kunnawa da kashewa bisa lokaci, wadda ake kira taima, ka sayi mai allon lamba da ɗan batir a ciki. Mai juyawa da haƙora tana tsayawa duk lokacin da aka ɗauke wuta, in an dawo ta ci gaba daga inda ta tsaya, cikin mako guda sai ka tarar tana kunna fitila da tsakar dare. Soket da mahaɗin waya su kasance sama da tukwane, inda ruwan ban-ruwa ba zai kai ba.

Wata ɗaliba daga Jamus: "An ba ni kyautar kalanko cike da jajayen furanni. Da suka bushe na sa masa fitila, ina barinta har dare, wani lokaci ma kwana take. Wata biyar ke nan, ganye ya yi kyau amma ko alamar fure babu."

'Yar'uwa, fitilar ce ta hana shi. Kalanko yana cikin shuke-shuken da ba sa fure sai dare ya yi tsawo. Tun a 1920 masana biyu a Amurka, Garner da Allard, suka bayyana wannan bayan sun lura da wata irin taba da ba ta fure sai yini ya gajarta. Daga baya aka gane cewa tsawon duhu shukar ke ƙirgawa, kuma ɗan haske a tsakiyar dare yana rushe ƙirgar.

Manomin ƙasar Hausa ya san abin tun kafin a ba shi suna. Dawar gargajiya, ko an shuka ta da wuri ko an makara, kusan lokaci ɗaya take fitar da kai, wajen ƙarshen damina. Haka waken gida, haka yakuwa, ba ta ba da zoɓo sai kaka ta gabato. A Kano bambancin yini mafi tsawo da mafi gajarta bai kai awa ɗaya da rabi ba, amma shukar tana ji.

Ga abin da za ki yi. Awa 10 na haske mai kyau, awa 14 na duhu sosai, kullum, har mako 6. Misali fitila daga 8 na safe zuwa 6 na yamma, daga nan ki kifa masa kwali ko ki sa shi a kabad har safe. Duhun ya zama na gaske: hasken talabijin, fitilar titi da ke shigowa ta taga, ko kunna wutar ɗaki na 'yan mintoci, duk suna iya mayar da ke baya. Ki rage ruwa a wannan lokacin, ki dakatar da taki. Da zarar kin ga ƙananan ƙulli a kan rassa, kin gama, ki mayar da shi inda kike so. Poinsettia da Chrysanthemum ma haka suke, sai dai poinsettia tana son mako 8 zuwa 10.

Fetuniya akasin haka take, dogon yini ke gaggauta mata fure, ki ba ta awa 14 zuwa 16. Wardi, jeraniyom, Saintpaulia da tumatir ba ruwansu da tsawon yini, jimlar haske suke dubawa. Saboda haka kada a haɗa kalanko da fetuniya a ƙarƙashin taima ɗaya a sa ran duka su yi. Kuma ko wace shuka ce, kada a bar mata fitila awa 24. A ba ta duhu aƙalla awa 6 zuwa 8. Tumatir ma in aka hana shi dare, ganyensa yana yin dabbare-dabbaren rawaya.

Tambaya daga Zinder: "Ƙwan LED na gida da ake sayarwa a kasuwa zai yi? Da kuma 'yan fitilun nan masu maƙalewa a teburi da ake sokawa a cajar waya?"

Ƙwan gida fari zai yi wa tukunya ɗaya ta furen inuwa, in mai wat 12 zuwa 15 ne na gaskiya, an sa shi cikin murfi mai tura haske ƙasa, santimita 20 zuwa 25 daga ganye. Ba tare da murfi ba, fiye da rabin hasken bango da rufi yake tafiya. Masu shiga cajar waya kuwa, caja mai bolt 5 da amfiya 2 iyakarta wat 10, ko me aka rubuta a kwali, kuma an raba shi ga kawuna uku ko huɗu. Za su hana shuka mutuwa, ba za su sa wardi ko Adenium fure ba.

Wani magidanci daga Toronto a Kanada: "Attaruhu na shuka a tukwane huɗu ƙarƙashin fitila mai wat 150. Yana yin fure da yawa amma duk sai su zube, ko ɗa ɗaya bai kama ba. In ƙara fitila?"

A'a, Alhaji, tunda ya yi fure da yawa, haske ya isa. Ka duba abu huɗu, ka fara da na farko. A fili iska da ƙudan zuma ke girgiza fure, garin da ke cikinsa ya zuba inda zai kama. A ɗaki babu ko ɗaya. Kullum da hantsi ka ɗan ƙwanƙwasa karan da yatsa, ko ka taɓa bayan kowane fure da burushin haƙori mai batir na daƙiƙa biyu, ka kuma sa fanka. Sau da yawa wannan kaɗai ke warware matsalar cikin mako biyu.

Sai zafi da bushewar iska. In saman ganye ya haura digiri 32, ko dare bai sauka ƙasa da 24 ba, garin furen yana lalacewa. Ka sa ma'aunin zafi daidai tsayin furannin, ba a bango ba. Gidajen Kanada da sanyi, na'urar ɗumama ɗaki tana busar da iska ƙwarai, kuma busasshiyar iska ita ce abin da jan gizo-gizo ke so. Ka juya ganye ka duba, in ka ga ɗigo-ɗigon rawaya da siririyar saƙa, ka wanke bayan ganyen da ruwa duk bayan kwana uku. Laima tsakanin kashi 50 da 70 cikin ɗari ta fi dacewa, kuma kada tukwanen su zauna kusa da bakin na'urar.

Sai taki. Cikin lambobi uku da ake rubutawa a jikin taki, wanda lambarsa ta farko ta fi girma, irin 20-10-10, ganye yake turawa, shuka ta yi kore shar ta zubar da fure. Da fure ya fara, ka koma wanda lambarsa ta ƙarshe ta fi ta farko, irin wanda ake sayarwa don tumatir, rabin ma'aunin da aka rubuta, duk mako biyu.

Na huɗu ruwa. Shukar da ke ƙarƙashin fitila mai ƙarfi tana sha fiye da ta bakin taga, kuma attaruhu yana zubar da fure in ya bushe ƙaƙas sannan aka cika shi. Ka tura yatsa cikin ƙasar zuwa gaɓa ta biyu, in ka ji bushe ka zuba har ya fito ta ƙasa, ka zubar da wanda ya taru a faranti. Tukunyar kada ta gaza lita 10 ga kowane tushe. Kuma attaruhu ya fi tattasai jinkiri, daga kamawar fure zuwa nuna yana iya ɗaukar wata biyu, saboda haka in ka ga ɗan kore ya fito bayan furen ya bushe, ka bar fitilar yadda take, awa 14 zuwa 16, ka ci gaba da ɗaga ta yadda tazarar ba za ta gaza santimita 35 ba.